Dangin Sabulu: Daga Bahon Wanki Zuwa Ƙwayar Magani

Daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan na ware guda biyar, waɗanda masu su ba su san juna ba, sana'arsu ma ba ɗaya ba ce, amma amsoshinsu duka tushensu ɗaya. Kowannensu yana tambaya ne a kan wani abu daga cikin dangin da masana ilimin sinadarai suke kira gishirin mai, wato abin da ke samuwa idan asid ɗin da ke cikin kitse ko man girki ya kama wani ƙarfe ya riƙe. Kalmar gishiri a bakin waɗannan masana ba ta tsaya ga na miya ba, haka ma kalmar ƙarfe ba ta tsaya ga wanda maƙeri yake bugawa ba, domin sodiyam da kalsiyam da magnisiyam duk ƙarafa ne a lissafinsu. 'Yan wannan dangi uwarsu ɗaya ce, ita ce mai, amma uba kowa da nasa, kuma halin uban ne yake bin ɗan.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sana'ar haɗa sabulu a gida a unguwar Yelwa ta Garwa, da manja da man angurya da soda. Masu saye a cikin gari suna yabawa, amma ƙanwata da ta kai shi ƙauyen mijinta wajen Figil ta dawo mini da ƙorafi cewa ba ya kumfa, kuma yana barin wani farin abu mai danƙo a jikin baho da tufafi. Kwaɓi ɗaya ne, rana ɗaya na yi shi. Ina laifin yake? — Wata Hajiya, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Laifin ba a hannunki yake ba, a rijiyar ƙauyen yake, kuma kafin in kai ga rijiyar sai na fara da abin da ke faruwa a cikin bokitinki ranar kwaɓi.

Manja da man angurya da man kaɗanya da kitsen sa duk gini ɗaya gare su: ƙwayar gilisarin guda ɗaya tana riƙe da dogayen sarƙoƙi uku, kuma kowace sarƙa asid ɗin mai ce. Tsawon sarƙar ne yake bambanta. Wadda ta fi yawa a manja ana kiranta palmitik, tana da ƙwayoyin kabon 16 jere da juna. Sitiyarik, wadda ta yi yawa a kitse da man kaɗanya, tana da 18, kuma ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 69, shi ya sa kitse yake daskarewa a kan miya idan ta huce. Oleyik ita ma 18 gare ta, sai dai tana da lanƙwasa a tsakiya, wadda take hana sarƙoƙin kwanciya kusa da juna, don haka man da ta yi wa yawa, kamar na gyaɗa, yake zama ruwa. Idan kika zuba ruwan soda a cikin mai kika dinga juyawa, sodar tana tsinke sarƙoƙin nan uku daga jikin gilisarin, kowace sarƙa kuma sai kanta ya kama ƙwayar sodiyam ɗaya. Wannan sarƙa mai kan sodiyam ita ce sabulu. Bafaranshen nan Michel Eugène Chevreul ne ya warware wannan al'amari a littafin da ya fitar a 1823 a kan kitsen dabbobi, bayan mutane sun shafe dubban shekaru suna dafa sabulu ba tare da sanin abin da ke gudana a cikin tukunya ba.

Ki ɗauki ƙwayar sabulu kamar tsinken ashana, mai ɗan kai da dogon jiki. Jikin mai ne, ba ya shiri da ruwa, maiƙo yake nema. Kan kuwa ruwa yake so. Idan aka cuɗa riga mai datti, jikkunan suna nutsewa cikin maiƙon, kawunan suna waje suna fuskantar ruwa, sai maiƙon ya rarrabu ya zama ƙananan dunƙule waɗanda ruwan ɗauraya yake tafiya da su. Duk aikin wanki a kan wannan ɗan kai ya rataya.

To, a nan ne rijiya take shigowa. Yankin Figil, a arewacin Kamaru, yanki ne na dutsen farar ƙasa, shi ya sa aka kafa masana'antar siminti a can, kuma ake haƙar marmara a Bidzar da ke kusa. Duk inda ƙasa take da irin wannan dutse, ruwan sama da ya ratsa ta yakan narkar da kalsiyam da magnisiyam ya sauka da su rijiya. Ruwan yana nan garau a ido, ana sha ba ya cutarwa, amma sabulu ba ya jituwa da shi. Dalili kuwa shi ne sodiyam hannu ɗaya gare shi, sarƙa ɗaya yake riƙewa, kalsiyam kuwa hannu biyu gare shi. Da zarar sabulunki ya narke a irin wannan ruwa, kalsiyam yana ture sodiyam ya kama sarƙa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kan da ruwa zai kama ya ɓace a tsakanin jikkuna biyu masu maiƙo. Abin da ya fito ba ya narkewa, sai ya tsinke kamar nonon da ya lalace, ya taso sama ya manne a jikin baho, ya shige cikin zaren tufafi ya sa farin kaya ya dishe ya yi tauri. Farin abin nan da ƙanwarki ta gani shi ma sabulu ne a sunan masana, sabulun kalsiyam, amma ba ya wanki. Kumfa ba za ta tashi ba sai sabulunki ya gama cinye duk kalsiyam ɗin da ke cikin bahon, wato wani kaso na abin da ta goga asara ce.

Gani ya kori ji, don haka ki gwada abin da nakan sa ɗalibaina su yi. Ki sami gora biyu na roba masu murfi, ki zuba ruwan sama zuwa rabi a ɗaya, ruwan rijiyar ƙauyen a ɗayar, ki kankare sabulu daidai wa daida ki zuba a kowace, ki rufe ki jijjiga sau ashirin. A ajinmu, kumfar gorar ruwan sama ta hau har wuya, kuma tana nan tsaye har aka tashi daga darasi. Ta rijiya kuwa ruwanta ya koma fari kamar tsarin nono, 'yar kumfar da ta yi ta mutu kafin a ajiye gorar, da muka ɗaga ta wajen taga sai ga ƙananan tsaki farare suna yawo, wasu sun riga sun yi zobe a jikin robar daidai bakin ruwa. Wata alamar ita ce farin ƙanzon da ke taruwa a gindin butar dafa shayi. Gidan da butarsa take yin haka, sabulunsa ma yana shan wahala.

Maganin a ruwa za a yi shi. Ƙanwarki ta jiƙa ɗan dunƙulen kanwa a ruwan wankin tun da dare, kalsiyam ɗin zai kwanta a ƙasa kamar alli, da safe ta tsiyaye na sama ta yi wanki da shi, kuma da gwajin gora za ta gane yawan kanwar da rijiyarsu take bukata. Kanwar ungurnu da ake kawowa daga gabashin Tafkin Chadi ta isa wannan aiki, domin asalinta sodiyam kabonet ce, irin abin da masana'antu suke zubawa a garin wanki saboda wannan dalili. Wannan ruwa na wanki ne kawai, ban da sha. Tafasawa ma tana rage wani kaso, sai dai itace ya yi tsadar da ba za a tafasa ruwan wanki ba. Ke kuma a naki ɓangaren, ki ƙara man alayyadi a kwaɓin da za ki aika can, domin kusan rabinsa asid ɗin lorik ne mai kabon 12 kacal, kuma sabulun gajeriyar sarƙa ya fi saurin narkewa da kumfa ko da a ruwan zartsi. Omo da 'yan uwansa ba sa fama da wannan matsala saboda su ba sabulu ba ne, kan ƙwayarsu wani iri ne da kalsiyam ba ya daskarar da shi cikin sauƙi.

Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne ƙara soda da nufin sabulun ya yi ƙarfi. Mata da yawa suna yin haka idan an yi musu ƙorafin kumfa, sakamakon kuwa sabulu mai cin hannu da kodar da atamfa. Kowane mai da iyakar sodar da yake ci: kilo ɗaya na man kaɗanya wajen giram 128, man gyaɗa wajen 136, man angurya wajen 138, manja da kitsen shanu wajen 141, alayyadi kuwa ya fi su duka ci. Masu sana'ar da suka ƙware sukan rage kusan kashi 5 cikin 100 daga wannan adadi domin ɗan mai ya saura ya tausasa fata, sannan su bar sabulun ya sha iska mako huɗu zuwa shida. Wannan aiki na sikeli ne, gwangwanin awo ba ya wadatarwa. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Kada a kwaɓa a tukunyar alminiyam irin ta maƙeran kasuwa, domin soda tana cin ta tana fitar da iska mai kama wuta. Ruwan soda kuma kamarsa ɗaya da ruwan sha, yaran da suka kurɓe shi daga gorar da aka ajiye a tsakar gida sukan rayu da ƙonannen maƙogwaro shekara da shekaru. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a sa yaro amai, a garzaya asibiti. Idan a ido ko a fata ne, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15.

Wannan farin abu da ya ɓata wa ƙanwarki wanki, wasu da gangan suke neman sa. Maginan Marrakesh a Maroko suna shafe bangon wurin wanka da farar ƙasa, su goge shi da dutse mai santsi, sannan su shafa masa baƙin sabulun man zaitun, sabulun kalsiyam ya samu a fuskar bangon, ruwa ya dinga zamewa ba ya shiga. Masu haɗa sinadarin hana siminti shan ruwa ma da shi suke aiki.

Tambaya: Baba Malam, kakata tana dafa sabulun salo da toka, amma nata kullum da laushi kamar ƙullu, na kanti kuwa da tauri. Ashe ba ta dafa shi ya nuna ba ne? — Wata ɗaliba, Domayo, Marwa

Amsa: 'Yata, sabulun kakarki ya nuna, laushin gado ne daga uba. Na tashi ina ganin mahaifiyata tana tara tokar karan dawa a tsohuwar tukunyar ƙasa da aka huda gindinta, ta shimfiɗa ciyawa a ƙasa, ta danna tokar, ta zuba ruwa a hankali, wani ruwa ja-ja kamar shayi yana ɗiga cikin kasko dare guda. Takan taɓa shi da yatsa ta murza, idan ta ji santsi ta san ya yi. Santsin nan maiƙon fatar yatsarta ne ya fara zama sabulu. Tsirrai suna tara potasiyam daga ƙasa, don haka ruwan toka potasiyam kabonet ne, kuma sabulun potasiyam ya fi na sodiyam son ruwa nesa ba kusa ba, har daga iska yake jawo laima, shi ya sa ba ya ƙanƙamewa ko an shekara. Sabulun ruwa na asali da wanda ake aski da shi duk da potasiyam ake yin su. Baƙin kuwa daga toka da daɗewa a wuta yake zuwa.

Idan ana son ya ɗan yi tauri, a watsa gishirin miya a tukunyar gab da saukewa, wani kaso na potasiyam zai ba sodiyam wuri, sabulun ya taso sama ya rabu da ruwan. Da irin wannan dabara ta gishiri ake dafa sabulun Marsai na Faransa, wanda aka kafa dokar ingancinsa tun 1688, kuma wanda ake buga wa lamba 72 a jiki, ma'ana kashi 72 cikin 100 daga mai ya fito. Dunƙulen sabulun wanki mai kusurwa huɗu da ke cike kasuwanninmu samfurinsa ya ɗauko. Ki zauna kusa da kakarki ki koyi yadda take gane ƙarfin ruwan toka, domin ba a rubuce yake ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina karanta takardar da ke cikin kwalin maganin hawan jini na mahaifiyata sai na ga an rubuta *stéarate de magnésium*. Wani abokina ya turo mini saƙo a WhatsApp cewa daga kitsen alade ake yin sa, kuma yana toshe hanji. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, har na yi tunanin dakatar mata da maganin. Mene ne gaskiyar abin? — Wani ɗan kasuwa, Injamena

Amsa: Alhaji, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka maka da alheri a kan kulawar da kake yi. Kafin komai, kada ka dakatar da maganin. Hawan jini ba ya jiran a gama bincike, kuma yanke magani farat ɗaya yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ka gani a takardar sabulun magnisiyam ne, ƙanin farin abin da na yi wa Hajiyar Garwa bayani a sama, sai dai wannan an yi shi da gangan a masana'anta, an tace shi tas. Farin gari ne mai laushi ƙwarai, idan ka murza shi a yatsa za ka ji santsi kamar hoda, idan ka barbaɗa shi a kan ruwa sai ya tsaya a sama ya ƙi jiƙa. Shi ba magani ba ne. Injin da ke buga ƙwayoyin magani yana danne gari a cikin ƙananan ramukan ƙarfe, yana fitar da dubban ƙwayoyi a minti ɗaya, kuma in babu abin da zai sa santsi, garin zai manne wa ƙarfen, ƙwaya ta fito a ɓare ko nauyinta ya bambanta da na 'yar uwarta. Ƙwayar da nauyinta ya bambanta kuwa maganin da ke cikinta ma ya bambanta, wannan shi ne haɗari na gaske ga mai hawan jini. Aikin wannan gari kamar man da mai waina take shafa wa tanda ne.

Yawansa kaɗan ne, galibi bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin ƙwayar ba. Ƙwaya mai nauyin miligiram 500 da aka sa mata kashi 1 tana ɗauke da miligiram 5 ke nan, kuma magnisiyam ɗin da ke cikin wannan bai fi kusan kashi 4 cikin 100 ba, saura duk asid ɗin mai ne. Da ya isa ciki, tsamin ciki yana raba su, asid ɗin ya bi hanyar da na abinci yake bi, magnisiyam kuma sinadari ne da jiki yake bukata. Sitiyarik ɗin da Mama take ci a tsoka ɗaya ta naman rago ya ninka na ƙwayar sau da yawa. Zancen toshe hanji ba shi da tushe. Abin da masu haɗa magani suka sani kuma suke kiyayewa shi ne, idan aka zuba garin da yawa ko aka daɗe ana gauraya shi, yana lulluɓe maganin ya jinkirta narkewarsa, shi ya sa ake gwada saurin narkewar ƙwayoyi kafin a fitar da su kasuwa.

Batun alade kuwa yana bukatar a faɗi gaskiya yadda take. Sunan da ke kan takardar ba ya nuna asali, domin sitiyarik da aka ciro daga manja da wanda aka ciro daga kitsen sa ko na alade abu ɗaya ne, ƙwaya da ƙwaya. Ana iya yin sa daga kowannensu. Amma a yau kaso mai yawa daga manjan Indonesiya da Malesiya yake fitowa, ƙasashen da suke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, kuma tun bayan cutar haukan shanu da ta girgiza Birtaniya a shekarun 1990 kamfanonin magani da dama suka koma ga na tsirrai domin su huta da binciken asalin dabba. Wasu takardun suna rubuta *d'origine végétale* a gaban sunan, wato daga tsiro. A kayan abinci da alawa kuma lambarsa E470b. Idan ba a rubuta asalin ba, ka je wurin ƙwararren mai kantin magani da kwalin a hannunka, yana iya tuntuɓar kamfanin, ko ya nuna maka wani samfurin na magani iri ɗaya da aka bayyana asalinsa, ka kai wa likitan Mama ya amince kafin a canza.

Hukunci na malaman fiƙihu ne, ni iyakacina in bayyana abin da ke faruwa ga kitsen. Malamai sun daɗe suna tattauna mas'alar istihala, wato rikiɗewar abu daga asalinsa zuwa wani abu daban mai suna daban da siffa daban, kuma sabulun da aka yi da gurɓataccen mai yana cikin tsofaffin misalansu. Taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa sabulun da aka samu ta hanyar rikiɗa kitsen alade ko na mushe ya tsarkaka, akwai kuma malaman da ba su karɓi wannan faɗaɗawa ba. Abin da zan iya shaida wa malaminka a matsayina na mai koyar da sinadarai shi ne, an tsinke kitsen, an raba shi da gilisarin, an tace asid ɗin da zafi, sannan aka haɗa shi da ƙarfe, abin da ya fito ba shi da kamanni ko wari ko ɗanɗanon abin da aka fara da shi. Ka kai masa wannan bayani tare da larurar Mama, ka bar masa fatawa. Kwanson maganin kafso, wanda galibi ake yi da jelatin, wato danƙon da ake ciro wa daga fata da ƙashin dabbobi, mas'ala ce daban, kada a cakuɗa su.

Tambaya: Malam, ni bakaniken babura ne. Da damina boris ɗin ƙafa yana yawan mutuwa ko da na cika shi da giris. Kwanaki na ƙara jan giris a kan wani giris mai launin ruwan ƙasa da ke ciki, bayan mako guda mai babur ya dawo, giris ɗin ya tsinke yana zuba. Wane launi ne ya fi kyau? — Wani bakanike, Kusiri

Amsa: Maigida, sannu da aiki. Launi rini ne kawai da kamfani yake zubawa, ba ya gaya maka komai a kan abin da ke ciki. Abin da za ka duba a jikin gwangwani shi ne sunan ƙarfen.

Giris baƙin mai ne da aka kama da sabulu. Kashi takwas zuwa tara cikin goma na nauyinsa mai ne irin na inji, sauran kuwa sabulun ƙarfe ne da aka narkar a cikin man da zafi, wanda idan ya huce yake zama siraran zare saƙe da juna, su riƙe man kamar yadda soso yake riƙe ruwa. Idan boris yana juyawa, soson yana matsuwa yana sakin mai kaɗan kaɗan. Man ne yake aikin santsi, sabulun kuwa shi yake hana shi gudu.

Giris ɗin kalsiyam shi ne tsoho. Ruwa ba ya wanke shi, saboda dalilin da ya hana sabulun kalsiyam narkewa a baho, amma zafi ya fi ƙarfinsa, tun kafin digiri 100 yake sakin jiki. Na sodiyam yana jure zafi, sai dai shi ɗan uwan sabulun wanki ne na kusa, da ruwa ya shige shi sai ya dame ya bi ruwan. Ka iya gane shi da kanka: ka lakaci kaɗan a tafin hannu, ka ɗiga ruwa ka murza da yatsa, idan ya koma fari kamar madara, kada ka sa shi a ƙafar babur da zai ratsa kwatamin Kusiri a watan Agusta. Na litiyam ne ya haɗa biyun, wanda Ba'amurke Clarence Earle ya yi wa rajista a 1942 aka fara amfani da shi a jiragen sama na yaƙin duniya na biyu. Ba ya narkewa sai wajen digiri 190, yana aiki lafiya har wajen 120, kuma yana jure ruwa gwargwado. Asid ɗin da ake haɗa shi da shi daga man zurma ake samu, wannan tsiro da ke fitowa a bakin juji ba mai kula shi, wanda Indiya ta fi kowa nomawa. Ga garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40 a inuwa, damina kuma Kogin Logon ya cika ya shiga unguwanni kamar yadda aka gani a 2022, na litiyam mai lambar kauri 2 shi ne zaɓina ga boris ɗin ƙafa.

Abin da ya same ka kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Zaren sabulu iri biyu ba koyaushe suke saƙuwa tare ba, wani lokaci ɗaya yana warware saƙar ɗaya, soson ya rushe, man ya zube. Idan ba ka san abin da ke ciki ba, ka wanke boris ɗin tas da kananzir, ka bar shi ya bushe, sannan ka sa sabo. Cikawa maƙil ma kuskure ne, domin giris ɗin da ba shi da wurin motsi yana dukan kansa ya yi zafi ya tsinke. Ka cusa shi tsakanin ƙwallayen, ka bar fiye da rabin gurbin a sake. Ka duba robar da ke rufe bakin boris, domin idan ta tsage babu giris ɗin da zai cece shi. Ka kuma dinga rufe gwangwani bayan ka ɗiba, saboda ƙurar hunturu da ta sauka a kan buɗaɗɗen giris tana mai da shi abin da ke cin ƙarfe.

Tambaya: Malam, a jikin hodar da nake shafawa an rubuta *zinc stearate*. Zan iya barbaɗa wa jaririna saboda ƙurajen zafi? — Wata uwa, Ngaundare

Amsa: Maman jariri, Allah ya raya. Wannan sabulun tutiya ne, kuma ana sa shi a hodar kwalliya ne domin yana manne wa fata, yana da santsi, gumi kuma ba ya jiƙa shi. Masana'antun roba ma da shi suke barbaɗe mazubi don kada kaya su manne. A fata ba ya cutarwa, amma a huhu yana yi, saboda ƙin ruwan da yake yi yana hana majinar hanyar numfashi ɗauke shi ta fitar. Likitocin Amurka sun ba da rahoton mutuwar jarirai a shekarun 1920 bayan sun shaƙi irin wannan hoda daga gwangwanin da ya kife musu a fuska. Ƙurajen zafi sun fi jin wanka da ruwa mai ɗan sanyi, da busar da matsematsin wuya da cinya da tsumma mai laushi, da sutura ta auduga mara nauyi. Idan dole sai kin shafa hoda, ki zuba a tafin hannunki nesa da shi, ki shafa kaɗan daga ƙirji zuwa ƙasa, kuma kada ki miƙa masa gwangwanin ya yi wasa da shi lokacin da kike canza masa kaya.